Neman shawara: ta ina ake shigar da kuɗin manya masu buƙata ta musamman cikin kasafin jiha?

Wata mamba: Assalamu alaikum. Don Allah a ɓoye sunana. Ni ce sakatariyar wata 'yar ƙungiya ta iyalan da ke jinyar manya masu buƙata ta musamman, galibinsu masu lalurar laka da masu lalurar ƙwaƙwalwa. Yayana shekararsa 36, tun da ya yi hatsarin mota yake kwance. Yara ko ba komai akwai makarantarsu, amma da zarar mutum ya wuce shekara 18 shi ke nan, sai uwa sai 'yar'uwa. Ranar 3 ga Disambar bara, ranar masu buƙata ta musamman ta duniya, aka kira mu taro, aka raba shinkafa da keken ɗinki biyar, aka ɗauki hoto. A watan Maris muka rubuta wa gwamna wasiƙa mai shafi huɗu, mu tara muka tafi a adaidaita biyu, muka zauna tun ƙarfe goma har bayan la'asar, Mamanmu da ciwon ƙafarta. Wani ya karɓa, ko hatimi bai buga mana ba. Sau uku muna komawa. Jiya na ji a rediyo an kai kasafin baɗi majalisa. Mun makara ke nan? Wa za mu gani? Wallahi barci ya gagare ni.

Malam Sani: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Yaya lafiya. Ƙanwata, wasiƙarku ta je inda ba a rubuta kasafi. Shekarar kuɗi daga Janairu take zuwa Disamba, amma girkin tun tsakiyar shekara ake ɗora shi. Wajen Yuli zuwa Agusta ma'aikatar kasafi ke aika wa kowace ma'aikata takardar kira, da iyakar kuɗin da ba za ta wuce ba. Ma'aikata ta cike abin da take so, ta je ta kare, majalisar zartarwa ta amince, sannan gwamna ya gabatar wa majalisar dokoki kamar yadda sashe na 121 na tsarin mulkin 1999 ya tanada. Wanda ke riƙe da alƙalami a wancan lokacin shi ne daraktan tsare-tsare na ma'aikatar da kuke ƙarƙashinta, sai babban sakatare. Tambayata uku: me kuka nema takamaimai, naira nawa, kuma mutum nawa ne a rijistarku?

Wata mamba: Malam, mun rubuta duk halin da muke ciki, babu abin da muka rage. Ba mu sa kuɗi ba don kada a ce mun zo da son zuciya. Kuma ai gwamna shi ne uban kowa, shi ya sa muka fara da shi.

Malam Sani: To nan matsalar take. Ba a shigar da hali cikin kasafi, lamba ake shigarwa. Ki nemo kasafin bana na jiharku, jihohi suna ɗora shi a intanet. Ki je jadawalin da ya kasa kuɗi bisa nau'in aiki, ki nemi 710, wato tallafin jin daɗin jama'a, a ƙarƙashinsa akwai 71012 na naƙasa. Idan babu ko sisi a wurin, ko kuma an zuba komai a wani layi mai suna tallafa wa marasa galihu, kin ga inda shinkafar nan ta fito. Sai ki nemo rahoton aiwatar da kasafi da ake fitarwa duk wata uku, ki kwatanta abin da aka ware da abin da aka saki. Sau da yawa layin yana nan, sakin ne babu.

Abu na biyu, ku raba buƙatunku gida biyu. Keken guragu, katifar hana gyambon kwanciya, gyaran cibiyar koyon sana'a, waɗannan manyan ayyuka ne, a yawancin jihohi lambarsu da 23 take farawa. Robar fitsari, kunzugun manya, maganin farfaɗiya, kuɗin motar zuwa gashin ƙashi, alawus na mai jinya, waɗannan na yau da kullum ne, 22. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a cusa abin da ake buƙata duk wata cikin manyan ayyuka, a saya sau ɗaya a yi biki. Ku yi lissafi a fili: mutum kaza, roba kaza a wata, sau 12, da farashi daga shago uku. Takardar kada ta wuce shafi biyu.

Hajiya Rabi: Duk wannan gaskiya ne, amma ba ku makara ba, 'yata. Majalisa na da ikon sauya lamba. Yanzu ne ma'aikatu ke zuwa gaban kwamitoci suna kare kasafi, wasu jihohin har da zaman jin ra'ayin jama'a. Gobe ki je wurin akawun kwamitin kasafi da na kwamitin harkokin mata da walwalar jama'a, ki tambayi rana. Ki kai takarda kwafi biyu, a buga hatimi da kwanan wata a kan naki, kada ki sake barin takarda ba shaida. Kada ku ce a ƙara jimillar kasafi, ku nuna layin da za a ɗebo a mayar naku, ya fi musu sauƙi. Mutum uku su yi magana, ɗaya ya zama mai lalurar da kansa. Ku tambaya tun wuri ko ɗakin taron a bene yake.

Malam Sani: Hajiya, ina girmama ki, amma abin da aka cusa a majalisa ba da sanin ma'aikata ba maraya ne. Babu mai rubuta masa takardar neman sakin kuɗi, babu mai binsa wurin akanta janar. Zai zauna a littafi har Disamba. Gara su sa ƙarfinsu a saki wanda ke akwai, su shirya wa Yuli.

Abban Khalifa: Ni abin da ke ƙona min rai, dokar hana wariya ga masu naƙasa ta 2018 da Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta ce kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati nasu ne, ta ba da shekara biyar a gyara gine-gine. Wa'adin ya cika tun farkon 2024. Je ka sakatariya ka ƙirga matakala. Kurma ya je asibiti babu tafinta. Kullum taro, kullum ruwan roba. Ku tafi gidan rediyo kawai, ba sa jin takarda, kunya suke ji.

Hajiya Rabi: Rediyo kafin a zauna da su yana rufe ƙofa. A ajiye shi sai an nemi ganawa a rubuce an ƙi.

Usman Gurgu: Baiwar Allah, kun yi magana da reshen JONAPWD, wato haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu buƙata ta musamman ta ƙasa, na jiharku kuwa? Idan kuka je ku kaɗai, abin da za a fara tambayarku ke nan. Sannan jiharku tana da dokar kanta? Kaduna ta yi tata a 2021 har da hukuma. Jigawa tun 2007, zamanin Sule Lamido, ta fara biyan masu naƙasa naira 7,000 duk wata. Abin da doka ta kafa ya fi wuyar gogewa. Idan akwai hukuma amma ba ta da lambar kanta a kasafi, to buƙatarku ta farko ke nan. Kuma ku daina magana a madadinmu ba mu a wurin, Yayanki yana da baki.

Wata mamba: Yaya Usman, Yayana ba ya iya zama a keke fiye da awa ɗaya saboda gyambo. Manyan ƙungiyoyin kuma maganarsu aiki da karatu, mu namu ba su iya fita ma. Shi ya sa muka ware.

Maman Ilham: Kafin kasafi ya nuna, ki kai sunayensu hukumar inshorar lafiya ta jiha. Akwai asusun kula da lafiya a matakin farko da dokar lafiya ta 2014 ta kafa, ana sa marasa ƙarfi kyauta idan akwai gurbi. Kowa ya tanadi lambar NIN. Ba zai ɗauki kunzugu ba, amma zai rage kuɗin ganin likita da wasu magunguna.

Malam Sani: Wannan daban, kasafi daban. Har yanzu ba ki faɗa min mutum nawa ne a rijistarku ba, ko ƙungiyar tana da rijista ma.

Wata mamba: Muna da littafi, amma wasu sun rasu, wasu sun tashi, ban sabunta ba tun azumi. Rijista kuma kuɗinta ne ya gagara. Akwai wata da ta ce za ta haɗa mu da uwargidan gwamna ranar Alhamis, ina ganin can za mu fara zuwa. Hajiya, idan akawun ya ƙi buga hatimin fa?