Godiyar wanda aka ci a golf: gaskiya ce ko rarrashin kai?

Injiniya: Kawu, Allah ya ƙara girma, akwai maganar da kuka yi jiya bayan gasa da har yanzu ba ta kwanta mini ba. Kun ce a golf ci da rashin ci duk ɗaya ne, wanda ya samu lafiyar zagaya rami 18 ya riga ya samu rabonsa, sai godiya. Ni dai ban taɓa jin wannan magana a bakin wanda ya ɗauki kofi ba. Kullum wanda aka ci ne ke yin ta. In da gaske duk ɗaya ne, me ya sa muke ɗaukar katin rubuta yawan bugu da fensir? Mu riƙa yawo kawai muna shan iska mana.

Kawu: Ɗana, ban ce duk ɗaya ba ne. Na ce godiyata ba ta jiran abin da kati zai faɗa. Shekaruna sun haura saba'in. Cikin waɗanda muka fara buga wasan nan tare, wasu suna ƙasa, wasu suna gida gwiwa ta hana su zuwa ko masallacin unguwa. Ni kuma na taka fiye da kilomita shida jiya da ƙafata. Kana so in koma gida ina huci don ƙwallo ta faɗa ramin yashi?

Injiniya: Allah ya ƙara lafiya. Amma wannan godiyar lafiya ce, Kawu, ba ta golf ba. Wanda ya zagaya unguwa da asuba ma zai yi ta, kuma bai biya kuɗin kulob ba.

Likita: Injiniya, kai mai lissafi ne, to mu yi lissafi. Tun 2020 da aka haɗa duniya a tsarin handikaf ɗaya, wato lambar da ke nuna ƙwarewar ɗan wasa kuma da ita ake ba mai rauni rangwamen bugu a gasa, yadda ake fitar da lambarka shi ne a duba wasanninka 20 na baya, a zaɓi 8 mafi kyau, a ɗauki matsakaicinsu. Ka ga ke nan 12 an riga an jefar da su don ba su kai ba. A cikin takwas ɗin ma wasu suna ƙasa da matsakaicin. Wato lambar da kake auna kanka da ita lamba ce ta ranakun da hannunka ya faɗa daidai, ba ta ranar yau da kullum ba. Wanda ya ɗaura farin cikinsa a kan sai ya kai handikaf ɗinsa ya sa hannu da kansa a kan cewa mafi yawan Asabar ɗinsa zai koma gida rai a ɓace. A gasa kuma da mutum arba'in suka shiga, kofi ɗaya ne.

Injiniya: Wannan lissafin ai ni yake goya wa baya. Abin da ke wuyar samu shi ke da daraja. Kowa ya ci zomo ya ci gudu. Ranar da na kai lambata ina jin daɗin da ba na ji a sauran ranakun, kuma ba zan yi wa kaina ƙarya in ce daidai suke ba.

Hajiya: Ba wanda ya ce ka yi wa kanka ƙarya. Ƙaryar da ke damuna ita ce wadda son ci ke haifarwa. Dukanmu mun san masu ɓoye katinsu mai kyau, su miƙa mara kyau, don handikaf ya hau su zo su kwashe kyauta ranar gasa. Mun san masu taɓa ƙwallo da ƙafa in ta shige gindin bishiya. Golf wasa ne da ba alƙali a bayanka, kai ke yanke wa kanka hukunci. A 1925, a gasar US Open, Bobby Jones ya ga ƙwallonsa ta ɗan motsa lokacin da yake shirin bugu. Jami'ai ba su gani ba. Ya dage sai an ƙara masa bugu ɗaya a matsayin hukunci. Wannan bugun ya sa suka yi kunnen doki da Willie Macfarlane, aka sake wasa, aka ci shi. Mutumin da nasara ce kaɗai abin da ya je nema ba zai yi haka ba.

Injiniya: Ranki ya daɗe, Jones ya fi kowa son ci a zamaninsa. A 1930 ya haɗa manyan gasanni huɗu na lokacin a shekara ɗaya. Abin da ya yi a 1925 ya yi nauyi ne saboda kofin yana da daraja a wurinsa. In da bai damu ba, da ba sadaukarwa ba ce.

Hajiya: Na yarda. Amma ka ga da bakinka ka ce akwai abin da ya fi kofi a wurinsa.

Malam: Assalamu alaikum. Ina karanta ku tun ɗazu. Son ci ba laifi ba ne. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tseren gudu da Nana A'isha ta tsere masa, bayan wasu shekaru suka sake ya tsere mata, ya ce mata wannan ramuwar wancan ce. Ka ga bai manta an ci shi ba. Amma kuma yana da raƙuma, Adba'u, wadda ba a taɓa tsere mata ba, sai wani baƙauye ya zo da ɗan raƙuminsa ya wuce ta. Abin ya yi wa sahabbai ciwo. Shi kuwa ya sanar da su cewa Allah ba ya ɗaga wani abu na duniya face sai ya sauke shi. Ciwon rashin nasara halin ɗan Adam ne, godiya kuma aiki ce da ake yi ko da ciwon yana nan. Injiniya yana ɗauka sai ciwo ya tafi ake godiya, shi ya sa yake ganin ta Kawu kamar rarrashi. Sai dai tun da na buɗe baki, batun nan na sa kuɗi a kan kowane rami, wanda aka ci ya biya, caca ce ko da naira ɗari ce.

Injiniya: Malam, ni lemo kawai nake cin mutane.

Malam: Lemon ma sai mun zauna.

Na Yamai: Ku da kuke da ciyawa kuna ta gardama. Ku zo Rio Bravo a wajen Yamai ku gani. Fili ne na ƙasa da duwatsu da ƙaya, ɗan wasa yana yawo da guntun ciyawar roba a hannu, duk inda ƙwallo ta faɗi ya shimfiɗa ya ɗora ta ya buga. Wanda ya yi rami 18 a can cikin watan Afrilu, in ya dawo inuwa ya sha ruwa, ba sai an yi masa wa'azin godiya ba.

Kawu: Mu ma a kan yashi da aka kwaɓa da baƙin mai muka koyi sa ƙwallo a rami. Kafin ka buga sai an ja maka abin share yashi daga ƙwallo zuwa rami. Kulob ɗin Kano yana lissafin kafuwarsa daga 1908.

Likita: Mutanen Jos za su ce Rayfield na 1913 ne kuma su ne na farko na gaske, amma mu bar wannan, kada Kawu ya hau.

Koci: Iyayena da yayyena, ku yi haƙuri in sa baki. Ni kadi ne kafin in zama mai koyarwa, jakar sanduna na fara ɗauka tun ina yaro. Abin da zan faɗa ba da kowa nake ba a nan. Na ɗauki jakar mutumin da zai zage ni tun daga rami na uku har na ƙarshe, ni na ba shi sandar da ba daidai ba, ni na yi motsi, ni na kasa ganin inda ƙwallo ta shiga. In mun dawo ya zauna cikin abokansa sai ka ji yana cewa alhamdu lillahi, ai motsa jiki muka zo yi. Ni kuma ya miƙo mini abin da ko kuɗin mota bai kai ba, saboda ya sha kashi. Na kuma ɗauki jakar wanda in an ci shi ba ya ɓoyewa, fuska a murtuke, ba ya ce wa kowa uffan, amma sai ya tambaye ni ko na karya, ya biya ni cikakke, ya gyara inda sandarsa ta tono ƙasa kafin ya wuce. A cikin biyun nan, wa ya gode?

Mu kadi ba ma sauraron abin da mutum ke faɗa a kan tebur. Muna kallonsa a rami na 14, lokacin da ya tabbata kofi ya tafi. Yana ci gaba da ƙirga bugunsa daidai? Yana share ramin yashi saboda na bayansa? Yana yin shiru in abokin wasansa zai buga? A nan ake gane shi.

Sannan Kawu, ku gafarce ni, akwai gaskiya a maganar Injiniya ta wani gefen. Faɗin cewa ci bai dame ka ba, gata ne. Yaran da nake koyarwa in suka shiga gasar kadi, kyautar nan ita ce kuɗin makarantar ƙaninsu. Ɗan wasan da golf ce sana'arsa in bai tsallake zagaye biyu na farko ba, ya biya mota da masauki a banza. Vijay Singh na ƙasar Fiji, kafin ya zama na ɗaya a duniya a 2004, a Legas ya ci Nigerian Open a 1988, lokacin yana fafutukar neman abin kansa. Irin wannan ba za ka ce masa ci da rashinsa ɗaya ba. Ku da kuke yi don nishaɗi ku ne Allah ya ɗauke wa wannan nauyin.

Kawu: Ka yi gaskiya, ɗana, kuma ba ka ɓata mini rai ba. Abin da ka faɗa shi ma yana cikin abin da nake gode wa Allah a kai, cewa in na zubar da bugu ba abincin gidana na zubar ba.

Injiniya: Koci, na ji, kuma na san wasu za su ce da ni kake. Kadina yana nan, a tambaye shi. Amma ka lura mutumin kirkin da ka kawo misali, fuskarsa a murtuke take. Bai ce duk ɗaya ba ne. Abin da nake faɗa ke nan tun farko. Roberto De Vicenzo na Ajantina, a Masters ta 1968, ya yi bugu 3 a rami na 17, abokin wasansa Tommy Aaron ya rubuta masa 4, shi kuma ya sa hannu bai duba ba. Doka ta ce abin da ka sa wa hannu shi ne naka. Bob Goalby ya ɗauki gasar da bugu ɗaya, ranar da De Vicenzo ya cika shekara 45. Bai tsaya yana cewa ai iska na zo sha ba, wawa ya kira kansa a gaban duniya.

Hajiya: Kansa ya zaga, bai zagi Aaron ba, bai kuma nemi a karya masa doka ba. Wannan ai shi ne mutum na biyu a labarin Koci.

Likita: Akwai wani likita ɗan'uwana a sana'a, Frank Stableford, da ya ga yadda mutane ke yaga kati in suka lalata rami ɗaya ko biyu da farko. Sai ya fito da lissafin maki, aka fara gasa da shi a Wallasey ta Ingila a 1932. In ka yi adadin bugun da aka ƙayyade wa rami maki 2, ka wuce da ɗaya maki 1, ka rage ɗaya maki 3, in ka lalata gaba ɗaya sifili ne kawai, ka ɗauki ƙwallonka ka tafi na gaba. Bai ce a daina ƙirga ba, bai kuma bar rami ɗaya ya cinye wa mutum yini ba. Ina ganin da za mu riƙa yin wasan Asabar da shi, da rabin fushin nan ya ragu.

Koci: Ni kuma ina da wata shawarar. Asabar mai zuwa mu yi rami tara ba kati, ba fensir, a ga wanda zai iya.

Injiniya: Ko ba fensir zan ƙirga a kaina, kuma na san Hajiya ma za ta ƙirga.

Hajiya: Zan ƙirga mana, har da naka. Amma in za a yi, ina da sharaɗi: kuɗin kadi a biya shi cikakke tun kafin bugun farko, kada ya dogara da yadda wasan kowa ya kasance.

Kawu: Na amince da wannan. Bakwai saura kwata, kafin rana ta yi zafi. Koci, ka sa ni rukuni ɗaya da Injiniya.

Injiniya: To Kawu, amma bugu nawa zan ba ku? Wancan karon na ba ku takwas kuka ci ni, kuma ban ga kun ƙi karɓar lemon ba.

Malam: Na ce lemon nan sai mun zauna.