Kiɗan da ke bin finafinan takobi: me za mu kira shi a rediyo?

Rabi, Asawase, Kumasi ta ƙasar Ghana: Salamu alaikum jama'a. Ranar Asabar da ƙarfe 4 na yamma muna da shirin minti 30 a rediyo kan kiɗan tsofaffin finafinan takobi na Amurka, irin su The Adventures of Robin Hood na 1938, kuma dole rubutun ya isa hannun mai kula da shirye-shirye kafin a sauko daga Juma'a. Abin da ya tsaya mini shi ne wanda Turawa ke kira orchestral soundtrack. Na sa "kiɗan fim", sai na tuna tsohuwa a Aboabo in ta ji haka za ta zaci waƙar rawa ce irin ta finafinan Indiya ko na Kano. Wannan kuwa ba mai rera komai a ciki. A taimaka mini.

Malam Yahuza, Aboabo: Wa alaikumus salam Rabi. Kafin a raɗa suna sai a rarrabe, don kalmar soundtrack ɗin nan abu uku ta haɗiye. Asalinta sunan wani siririn layi ne a gefen zaren fim mai faɗin milimita 35, dab da ramukan da haƙoran inji ke kamawa. Fitila ke haska shi, hasken ya koma sauti. Wannan "layin sauti" ne, ba gardama. Na biyu, duk abin da kunne ke ji a fim, wanda masu haɗa sauti ke ajiyewa kashi-kashi: maganar 'yan wasa daban, ƙarar abubuwa kamar kofaton doki da karon takubba daban, kiɗa daban. Na uku, faifan da ake sayarwa bayan fim ya fito. Ke kiɗan kaɗai kike nufi, kuma ba kowanne ba. In an busa ƙaho a ƙofar fada mutanen cikin fim suka waiwaya, wannan na cikin labari ne. Naki shi ne wanda su ba sa ji, mai kallo kaɗai ke ji.

Basiru, Sabon Zongo: To ai sai a ce kiɗan bayan fage.

Malam Yahuza: A'a Basiru. Bayan fage an riga an ba wa masu kyamara da masu kwalliya. Kuma kiɗan nan ba a baya yake ba, wani wurin shi ne kan gaba.

Hajiya Mariya, Asawase: Rabi, sa "kiɗan rakiya". Aikinsa ke nan. Jarumi ya hau doki ya bi shi, ya shiga daji ya bi shi, ya tsaya magana ya ja baya ya yi ƙasa da murya. Ɗan rakiya ba shi ne mai tafiya ba, amma ba ya rabuwa da ita. Ki kula da jerin kalmomin: kiɗan rakiya, ba rakiyar kiɗa ba, don na biyun kiɗan ne ake rakawa.

Alhaji Garba, Alabar: Hajiya ta kusa, amma kalma biyu sun yi yawa ga abin da za a maimaita a shiri ɗaya. Hausa tana da ma'auninta. Daga daka aka sami dakau, daga wanke aka sami wankau, daga niƙa niƙau. Daga raka sai a sami RAKAU. "Rakau ɗin fim ɗin nan ya yi daɗi." Gajere ne, namu ne, ba aro.

Hajiya Mariya: Alhaji, ma'aunin nan na aikin lada ne. Dakau daka ce da ake yi wa wani don a biya. In ka ce rakau, mai saurare zai ga mutum ne aka ɗauka haya ya raka matafiyi tasha.

Alhaji Garba: Makaɗan ba biyansu ake yi ba? Ai ma ya ƙara dacewa.

Malam Idrisu, Nima, Akra: Ku yi haƙuri in shigo da wata kalma da Rabi za ta fi bukata, tunda a kanta kiɗan irin waɗannan finafinai ya ginu. Wanda ya tsara kiɗan Robin Hood shi ne Erich Korngold, mutumin Biyana ta ƙasar Ostiriya, an haife shi a 1897. Shi ya yi na Captain Blood a 1935 da The Sea Hawk a 1940, duka Errol Flynn ne jarumi, duka na kamfanin Warner Bros. Tsarinsa ya gado shi daga opera, wasan kwaikwayon da ake yi da waƙa, musamman daga Wagner, Bajamushe mai tsara kiɗan opera: kowane babban mutum a labarin yana da ɗan guntun kiɗansa da ake gane shi da shi. Jamusawa na kiransa Leitmotiv. Mu kuwa ba mu da bukatar ƙirƙira, muna da "take". Kafin ka ga sarki, in makaɗa sun buga takensa ka san wa ke tafe. Haka yake a fim. Jarumi da takensa, gimbiya da nata, mugu da nasa. Gwanintar tana wajen juya taken. Na jarumi ana fito da shi da ƙarfi a bakin masu busa sa'ad da ya yi nasara. In an kama shi, taken nan dai za a mayar hannun masu goge, a ja shi a hankali, a sauya masa amo ya zama na baƙin ciki. In yana ɓoye cikin taro da ɓad-da-kama, sai a saki rabinsa kawai, mai kallo ya gane, maƙiya ba su gane ba. Shi taken Robin ma Korngold daga wani tsohon kiɗansa mai suna Sursum Corda ya ɗebo shi.

Rabi: Malam Idrisu, Allah ya saka. "Take" ya zauna daram. Ba zai rikice da taken littafi ba?

Hajiya Mariya: Ba zai rikice ba in kin ce "taken jarumi". Kowa ya san taken ƙasa kiɗa ne.

Alhaji Garba: Take na yarda. Amma takunan nan duka a cikin rakau suke zaune. Sannan ita ɗaya kalmar, orchestral, kada in ji an ce "okestira" a iska. Muna da badujala.

Malam Idrisu: Baba Alhaji, badujala ba za ta ɗauka ba, kuma lissafi ne zai nuna. Badujala busa ce da ganguna, ta soja da 'yan sanda, ana tafe ana yi. Ita wannan a zaune ake yinta, kuma fiye da rabinta masu goge ne. In makaɗa sun kai 80, za ka tarar wajen 50 goge ke hannunsu: misali 14 a sahun farko na ƙaramin goge, 12 a sahu na biyu, 10 masu matsakaici, 8 masu babba wanda ake jingina wa gwiwa, 6 masu ƙaton da ake tsaya masa. Kowanne tsirkiya 4 gare shi, ba ɗaya ba irin gogenmu. Masu busar tagulla ba su cika wuce 11 ba: ƙaho mai naɗi 4, begila 3, mai zugewa 3, sai ƙato ɗaya mai kaurin murya. Akwai masu sarewa da dangin algaita, sai tambura na jan ƙarfe da ake ɗaure wa fata da taka ƙafa. Dalilin yawan gogen shi ne begila ɗaya tana iya danne goge da dama. In ka rage su, lokacin faɗa ba abin da zai fito sai busa da ganga, gudun nan mai kama da iska da ke sa ka ji jarumi na tsalle daga bene zuwa igiya ya ɓace. In Rabi ta ce badujala, mai saurare zai hango fareti. Nan Akra muna da irin wannan ƙungiya ta ƙasa tun 1959, zamanin Nkrumah, Philip Gbeho wanda ya tsara kiɗan taken ƙasarmu ne ya fara jagorantarta, ba kuma wanda ya taɓa haɗa ta da masu fareti.

Malam Nasiru, Alabar: Ni dai ban ga abin wahalar da kai ba. A Kano "kiɗan fim" ake cewa a wuce wurin, ba a canza wa tuwo suna. Kuma a gafarce ni, kalma a can ake yanke ta. Nan inda ake ce wa mace "ya zo", ina za a kafa sabuwar kalma ta tsaya?

Alhaji Garba: Nasiru, kiyayi bakinka. Kakanninmu sun yi fataucin goro zuwa Gwanja da Salaga da harshen nan tun kafin Turawa su ci Kumasi. Alhaji Umaru na Kete-Krachi, wanda ya rasu a 1934, a ƙasar nan ya zauna yana rubuta waƙoƙin Hausa da ajami. Gidan rediyon ƙasa ya daɗe yana labarai da Hausa. Ba mu jiran izinin kowa.

Malam Nasiru: Allah ya ba ka haƙuri Alhaji, amma shi Alhaji Umarun ai haifaffen Kano ne.

Alhaji Garba: A nan ya koyar, a nan aka binne shi. Namu ne.

Hajiya Mariya: Malam Nasiru, maganar "ya zo" gaskiya ce, muna gyara wa yara a aji kullum, amma ba ita aka tambaya ba. "Kiɗan fim" ya ishe ku a can don mafi yawan kiɗan finafinan Kano mutum ɗaya ne ke haɗa shi a fiyano, kuma waƙa ce kan gaba. Rabi tana son ta raba wannan da wancan a kunnen mutanen Zango, su ne masu sauraronta.

Basiru: A koma kan aiki don Allah. Yaya Rabi, in za ki bayyana yadda ake sa kiɗan ya faɗa daidai kan sara fa?

Malam Yahuza: Wannan ya kamata ya shiga shirin, shi ne zai nuna me ya sa ake ce masa rakiya. Bayan an gama yanka fim, darekta da mai tsara kiɗa su zauna su kalle shi, su yanke inda kiɗa zai shiga da inda zai fita. Kowane yanki a ba shi lamba. Mu kira shi "gaɓa". Fim yana tafiya hoto 24 a daƙiƙa, wato 1,440 a minti. In ana son bugu 120 a minti, kowane bugu hoto 12 ke nan. Faɗan takobi yakan so sauri fiye da haka, a ce bugu a kowane hoto 10, ya zama 144. Ana sa wa jagora da makaɗa wani ƙyas-ƙyas a kunne mai bin wannan lissafi, ko a ja wani layi ya ratsa majigi daga hagu zuwa dama, isarsa gefe ita ce wurin bugun. Matsala takan zo ta wuri biyu. Na farko, mai yanka ya cire hoto 12 bayan an gama ɗaukar kiɗa: rabin daƙiƙa ce kawai, amma tambari zai faɗi bayan takobi ya riga ya sauka, duk abin da ya biyo baya ya goce. Na biyu, ƙarar ƙarfe a kan ƙarfe da faifan tagulla da ake gwarawa duk a sama suke, suna cin juna. Shi ya sa gwani ba ya buga kowane sara. Yakan bar takubba su yi ƙararsu, ya riƙe gudun da goge da tambura, ya ajiye babban bugu sai inda takobi ya fice daga hannu ko mugu ya faɗi. Wurin magana kuma a janye duk abin busa mai amo kusa da muryar ɗan wasa, in ba haka ba mai haɗa sauti zai danne kiɗan gaba ɗaya.

Malam Idrisu: Haka ne. Ki ƙara da cewa aiki ne na gaggawa. Captain Blood mako 3 kawai aka ba Korngold, har sai da ya cike wani wuri da kiɗan Liszt, wani tsohon mai tsara kiɗa ɗan ƙasar Hungary. Kuma mai tsarawa daban, mai rarraba wa kowane makaɗi nasa daban. Hugo Friedhofer ya yi masa wannan aikin a finafinai da dama. Jagoran kuwa ni da "madugu" zan kira shi, tunda shi ke tsayar da ayari ya tayar.

Malam Nasiru: Madugu na fatake ne. Jagoran makaɗa ya isa.

Rabi: Na gode ƙwarai iyayena da yayyena. Ga yadda na rubuta jimlar farko, kan Robin Hood: "Kiɗan rakiyar fim ɗin, wanda babbar ƙungiyar makaɗa ta goge da busa da tambura ta yi, ya ci kyautar Oska." Daga nan sai in ci gaba da "kiɗan rakiya" da "taken jarumi" da "gaɓa". Jagora zan sa, madugu sai wani shirin.

Hajiya Mariya: Gyara ɗaya. "Kiɗan rakiyar fim ɗin" ya yi sarƙa da yawa a baki. Ce "kiɗan rakiya na fim ɗin".

Malam Nasiru: Rakiya ba laifi, na ji dalilin. Amma "babbar ƙungiyar makaɗa ta goge da busa da tambura" bayani ne, ba suna ba. A karo na uku numfashinki zai ƙare. Ki faɗe shi sau ɗaya, ki ce ita ake kira okestira, ki ci gaba da okestira.

Alhaji Garba: Ban yarda da okestira ba, ko sau ɗaya. Rakiyar Hajiya ku je da ita wannan Asabar tunda lokaci ya ƙure. Amma Rabi, in an buɗe layin waya ki karanta wa masu saurare rakau, a ji ta bakinsu.

Rabi: To Baba Alhaji, zan karanta in minti ya rage. Okestira kuma na sa mata alama da jan biro, gobe da safe zan nuna wa mai kula da shirye-shirye duka biyun ya zaɓa.