Hazo a Kaduna: me ya sa jirgi ke zuwa har saman gari ya juya bai sauka ba?

Ɗan Rigachikun:

Assalamu alaikum. Masana harkar jiragen sama, a taimaka mana. Duk shekara in hunturu ya kankama, daga Disamba zuwa Fabrairu, sai ka ji an ɗage jirgin Legas zuwa Kaduna, ko kuma ya zo har an ji rugugin injinsa a sama, ya juya Abuja. Ba an ce jiragen yanzu da na'ura suke sauka ba? To me hazo zai hana? Sannan mazauna wajen Mando suna cewa a irin wannan rana sukan ji jiragen soja na sansanin da ke unguwarsu suna shawagi. Su dokar ba ta hau kansu ba ne?

Tsohon Matuƙi:

Wa alaikumus salam. Malam, na'ura tana kawo jirgi kusa da ƙasa, amma a yawancin filayenmu ido ne ke ƙarasa aikin.

Na'urar da ake nufi ita ce ILS. Sigina biyu take aikawa daga ƙasa: ɗaya yana riƙe jirgi a kan tsakiyar titin sauka, ɗaya yana riƙe shi a kan gangara mai digiri 3. Na'urar matakai uku gare ta. A mataki na ɗaya, wanda shi ne aka fi samu, matuƙi zai bi siginar har ya rage ƙafa 200 tsakaninsa da ƙasa. A nan dole ya yanke shawara. Ya ga fitilun shiga ko bakin titin, ya sauka. Bai gani ba, ya tura wa injin wuta ya koma sama, ba shawara da kowa. Kuma ba a yarda ya ƙarasa gangarowar ba sai nisan gani a kan titin ya kai mita 550, ko mita 800 in ma'aunin gani na filin gaba ɗaya ake amfani da shi.

Ga abin da mutane ba sa lura da shi. A ƙafa 200 jirgi yana nesa da bakin titin da kusan mita 870. Ke nan in gani mita 550 ne, titin kansa ba ya ganuwa. Abin da matuƙi ke nema shi ne jerin fitilun da aka shimfiɗa kafin titin, waɗanda cikakkensu ke kai mita 900. In waɗannan fitilu sun mutu, ko da ILS lafiya lau take, adadin nisan ganin da ake buƙata yakan haura mita 1,000. Jirgi irin Boeing 737 yana gangarowa da gudun kusan kilomita 260 a awa, yana sauke ƙafa 700 a minti. Daga ƙafa 200 zuwa taya ta taɓa kwalta bai kai daƙiƙa 20 ba. Babu lokacin leƙe-leƙe.

Ƙurar kuma daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi iskar arewa maso gabas ke kwaso mafi yawanta. NiMet, hukumar kula da yanayi ta ƙasa, na fitar da rahoton yanayin filin akai-akai, kamfani na dubawa tun daga Legas. In rahoton ya nuna ganin ya faɗi ƙasa da adadin kuma ba alamar washewa, gara a zauna da a ƙona mai a banza.

Injiniya Mai Sigina:

Kyaftin ya gama magana, sai dai in ƙara ta ɓangaren ƙasa, don kullum za ka ji ana cewa a saya mana mataki na uku a huta. Ba saye kaɗai ba ne.

Mataki na biyu yana sauko da jirgi zuwa ƙafa 100, da gani mita 300. Na uku ya fi haka ƙasa, kuma galibi jirgin ne ke saukar da kansa. Amma sai abu uku sun haɗu: filin, jirgin, da matuƙan. Jirgi sai yana da na'urar tuƙi da ma'aunin tsawo na rediyo da aka tantance don wannan aiki, matuƙan biyu sai suna da horo da shaidar da ba ta ƙare ba, kamfanin kuma sai NCAA, hukumar kula da jiragen farar hula, ta ba shi izini. Ɗaya ya gaza, an koma mataki na ɗaya.

A ƙasa kuma ana buƙatar fitilun tsakiyar titi da na wurin taɓawa, da ma'aunan gani a gefen titin. Sai wuta. A mataki na ɗaya, in wutar gari ta ɗauke, an ba janareto daƙiƙa 15 ya karɓa. A na biyu da na uku, muhimman fitilu daƙiƙa 1 kawai aka ba su. Kowa ya san abin da wannan ke nufi a ƙasarmu. Sannan gaban eriyar ILS akwai fili da ba a yarda mota ko wani jirgi ya tsaya ba, domin ƙarfe na karkatar da sigina, har doguwar ciyawa sai an riƙa yanke ta. Kuma lokaci-lokaci sai jirgin gwaji ya bi siginar ya tabbatar ba ta kauce ba. A farkon 2020 Legas na da sabuwar na'urar mataki na uku, amma da hazo ya rufe, jiragen ƙasashen waje da dama Accra suka riƙa sauka saboda batun wannan tantancewa.

Ɗan Rigachikun:

Allah ya ƙara sani. Amma Kyaftin, fasinjoji kan ce ta taga suna hango gidaje da tituna sarai, duk da haka aka juya. Kuma me zai hana ya yi ta kewayawa har ya washe?

Tsohon Matuƙi:

Fasinja ƙasa yake kallo kai tsaye, ƙurar da idonsa ke ratsawa ba ta da kauri. Matuƙi gaba yake kallo a karkace, ta cikin ƙura mai nisan kilomitoci. Titin Kaduna ɗaya ne, lambar bakinsa ɗaya 05, ta ɗayan 23, tsawonsa mita 3,000. Mai sauka ta 23 da la'asar sakaliya yana fuskantar kudu maso yamma, rana na dukan ƙurar, gaban gilashi ya koma fari fat.

Kewayawa kuwa mai ne ke yanke hukunci. Jirgi na ɗauke da man tafiya, da ƙarin kashi 5 cikin 100, da man zuwa filin madadi kamar Abuja ko Kano, da na ajiyar minti 30 wanda ba a taɓawa. Da man jira ya ƙare, sai tafiya. Hazo kuma ba hadari ba ne da zai wuce cikin rabin awa, yakan kwana biyu ko uku, kuma sau da yawa Kano ta fi Kaduna rufewa.

Injiniya, ni a ganina abin tsoro ya fi yawa a kujerar gaba, wato naci. Ranar 13 ga Nuwamba 1995 jirgin Nigeria Airways ƙirar 737 ya sauka a Kaduna ta 23, iska na tura shi ta baya, bayan hasumiyar da ke ba jirage umarni ta ba shi 05. Taya ba ta taɓa ƙasa ba sai da ya cinye kusan kashi 80 cikin 100 na titin. Ya fita daga kwalta ya kama wuta, mutum 11 suka rasu. Yawancin jiragen fasinja iyakar iskar baya da aka yarda musu kusan kilomita 18 ce a awa, kuma in ka wuce wurin taɓawa ba ka taɓa ba, tashi ake yi a sake zagayowa.

Na Mando:

Ɗan'uwa, soja ma na da adadinsu, sai dai rundunar ce ke tsara shi, ba NCAA ba. Abin da aka fi ji a Mando ƙananan jiragen koyo ne na makarantar koyon tuƙi ta 401 ta sojan sama, irin su Super Mushshak da aka sayo daga Pakistan. Gudunsu wajen sauka kusan rabin na 737 ne, kuma galibi zagayen filin suke yi, titin na kusa da su. Amma ɗalibi da ido yake tuƙi, ƙa'idar tuƙin ido kuwa ta duniya kilomita 5 ce. Ganin ya ragu, ɗalibi ne farkon wanda ake hana tashi shi kaɗai.

Dalili shi ne hazo na shafe layin da sama ta haɗu da ƙasa. In babu shi, kunnen ciki na yaudarar mutum: jirgi ya karkata a hankali, jiki na ce masa daidai yake. In ya ja sandar tuƙi a wannan hali, juyin ne ke ƙara matsewa, hanci na ƙara nitsewa. Maganin da ake koyarwa shi ne a koma kan ma'aunin da ke nuna zaman jirgi, a daidaita fukafukai tukuna, sannan a ɗaga hanci.

Su ma manyan ba su fi ƙarfin yanayi ba. King Air 350 da ya faɗi kusa da filin jirgin Kaduna ranar 21 ga Mayu 2021, ɗauke da babban hafsan sojan ƙasa na lokacin, Laftanar Janar Ibrahim Attahiru, da wasu mutum 10, cikin mummunan yanayi ya zo sauka, ko da yake wannan farkon damina ne, ba hunturu ba. Allah ya jiƙansu.

Ta ɓangaren gyara kuma, a lokacin hazo ana yawaita duba matatar iskar injin, ana toshe bakin injin da bututun auna gudu duk lokacin da jirgi ke ajiye, kuma gilashin gaba da ruwa ake fara wanke shi, don goge shi a bushe na karce shi, karcen kuma shi ke watsa hasken rana a idon matuƙi.