Me ya sa kiɗan Game Boy Advance ke shuuu, alhali na tsohon Game Boy tas yake fita?

Sani Gusau:
Assalamu alaikum. Na samu na'urorin wasan bidiyo na hannu guda biyu, tsohon Game Boy na 1989 da kuma Game Boy Advance na 2001, kuma abin da ya ɗaure mini kai shi ne, wanda ya fi tsufa sautinsa tas yake fita, shi kuwa sabon, a ƙarƙashin kowane kiɗa ina jin wani shuuu kamar yayyafi a kan rufin kwano. Shin lasifikar ce ta lalace, ko haka aka ƙera shi?

Injiniya Bala:
Wa alaikumus salam, Malam Sani. Lasifikarka lafiyarta ƙalau. Tsohon Game Boy yana da hanyoyin sauti huɗu waɗanda aka gina su a jikin na'urar kanta: biyu masu amo mai kusurwa, ɗaya mai maimaita ɗan gajeren zubin amo, ɗaya kuma ta hayaniya wadda ake yin ganguna da ita. Wasa yana ba su umarni ne kawai, su kuma su samar da sautin. A Game Boy Advance, Nintendo, wadda ta ƙera na'urorin, ta bar waɗannan huɗun, ta ƙara hanyoyi biyu masu bit 8 na kunna sautin da aka naɗa, amma ba ta sa wani sashe na musamman da zai gauraya kayan kiɗa ba, don haka ƙwaƙwalwar na'urar, ARM7TDMI mai gudun megahaz 16.78, ita ce ke haɗa kiɗan da manhaja a daidai lokacin da take tafiyar da wasan. Saboda kada wasan ya riƙa tsayawa, masu shirya shi sukan rage ingancin sautin, kuma wannan ragin ne kunnenka yake ji.

Hadiza M.:
Na yarda da bayanin Injiniya, sai dai ban yarda a ɗauki hanyar manhaja a matsayin koma-baya kawai ba. Ita ce ta ba mawaƙa damar sa muryar sarewa, goge da piyano, abin da hanyoyi huɗun nan ba za su iya yi da kyau ba, kuma duk wanda ya saurari kiɗan wasan Golden Sun ya san abin da nake nufi. Manhajar NanoBoyAdvance ma, wadda ke kwaikwayon Game Boy Advance a kan kwamfuta, tana iya sake gauraya kiɗan wasannin da suka yi amfani da manhajar haɗa kiɗa ta Nintendo mai suna MusicPlayer2000 cikin inganci mafi girma, shuuu ɗin ya ragu ƙwarai.

Injiniya Bala:
Gaskiya ne, Malama Hadiza, amma a ganina Nintendo da kanta ta gane nauyin da ta ɗora wa ƙwaƙwalwar, domin a Nintendo DS na 2004 ta dawo da sauti cikin na'ura da hanyoyi 16. Malam Sani, gwada sauraron Advance ɗin da abin sawa a kunne, ka gaya mana ko ƙarar ta ƙaru a wasanni masu kiɗa da yawa.