Wane suna za mu ba slippery elm da Hausa?

Jama'a, ku taya ni. Jiya ƙanwata ta kawo mini kwalbar garin magani da aka aiko mata daga Amurka, an rubuta slippery elm a jikinta. Ta ce, "Yaya, mene ne wannan da Hausa?" Na buɗe baki, na rasa ta cewa.

Itacen ba namu ba ne. A gabashin Amurka da kudancin Kanada yake fitowa, masana tsirrai na kiransa Ulmus rubra. Ɓawon ciki ake ɓarewa, a shanya, a daka. Na zuba cokali guda a ruwan ɗumi don in gani da idona. Jim kaɗan ya yi kauri, in ka ɗaga cokali sai ya biyo shi yana ja, kamar miyar karkashi.

Shi ya sa ban yarda a fassara "slippery" kai tsaye a ce "mai santsi" ba. Santsi na bakin rijiya ne, na ƙasa bayan ruwan sama. Abin da na gani a kofin nan yauƙi ne, kuma yauƙin shi ne amfanin: yana lulluɓe maƙogwaro, zafi da ƙaiƙayi su lafa.

Na san wani zai ce a kira shi dargaza kawai, tunda ita ma ɓawonta na yauƙi. Wannan ne ya fi tayar mini da hankali. Dargaza itace ce daban, kuma ba a kanta aka yi binciken elm ba. Ranar da muka ara masa sunanta, mai sassaƙe a kasuwa zai riƙa jingina mata abin da aka faɗa a kan wancan.

Binciken kansa ma kaɗan ne. A 2003 an wallafa wani gwaji da aka yi wa mutum 60 masu ciwon maƙogwaro a Amurka da shayin Throat Coat. Waɗanda suka sha shi sun fi samun sauƙin haɗiya na ɗan lokaci, amma shayin haɗi ne da wasu saiwoyi, ba elm zalla ba. Akwai kuma Essiac, wani haɗi mai ɗauke da elm da wata nas ɗin Kanada, Rene Caisse, ta yayata tun shekarun 1920 a matsayin maganin ciwon daji. Har yau babu gwajin da ya tabbatar yana warkar da shi.

Shawarata: elam mai yauƙi. Ɓawon a ce sassaƙen elam, dakakken a ce garin elam. "Elam" na nuna baƙo ne, "yauƙi" na faɗin aikinsa, yana kuma tuna wa mai sha cewa zai iya jinkirta shigar ƙwayar asibiti cikin jiki, don haka a ba da tazara tsakaninsu.

Na riga na rubuta hakan da biro a jikin kwalbar. 'Yan uwa na Sakkwato da Damagaram, "elam" ya zauna a bakinku, ko "ilim" ya fi muku sauƙi?