Ƙashin cinyata ya haɗe a murɗe, ana gyara wa babba?

Ɗan Jega:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekarata 34, kabu-kabu nake yi. Shekarun baya mota ta buge ni, ƙashin cinyar dama ya karye, aka yi mini ɗorin gida. Ƙashi ya kama, alhamdulillahi, sai dai ƙafar ta juya waje. In na kwanta rigingine, yatsun hagu na kallon sama, na dama na kallon bango. Ga ciwon gwiwa, zaman tahiya ma sai na miƙe ƙafa. An ce mini ana sake karya ƙashin a asibiti a murɗo shi. Gaskiya ne, ko shekaruna sun wuce?

Nas daga Gusau:
Wa alaikumus salam. Sannu malam, Allah ya ƙara sauƙi. Ana yi, har ga waɗanda suka girme ka. Likita zai yanka ƙashin, ya juyo ɓangaren ƙasa ya daidaita, ya ɗaure da farantin ƙarfe da kusoshi, ko ya zura sandar ƙarfe cikin ɓargo. Amma sai an yi hoton CT (hoton na'ura mai nuna ƙashi yanki-yanki) na ƙafafun biyu tukuna, don hoton ƙashi da aka saba ba ya nuna murɗiya sosai. Da lafiyayyar ƙafarka za a gwada. In bambancin ya haura digiri 15 kuma ga ciwo, nan ake fara maganar tiyata.

Ba ƙaramin aiki ba ne fa. Sanduna kamar mako 6, ƙashin kuma wata 3 ko fiye kafin ya kama, ga gashin ƙashi. Akan samu ruɓewar ciwo, daskarewar jini a jijiya, ko ƙashin ya ƙi haɗewa, musamman ga mai shan taba.

Tsohon Direba, Argungu:
Ɗana, kana tafiya, kana neman abincinka. Ni da ka bi tawa, da ka bar wa Allah. Ƙafar da ta warke a sake yanka ta?

Maman Biyu:
Baba, a yi haƙuri, gwiwar nan ita ke ɗaukar wahalar kullum. Ɗiyata tana ƙarama yatsunta na kallon ciki, likita ya ce a jira, irin na yara yakan gyaru da kansa zuwa shekara 8 ko 10. Haka kuwa aka yi. Na babba da ya haɗe a murɗe, tausa ko takalmi ba sa juya shi. Ɗan uwa, ka je likitan ƙashi ya duba ka, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo (UDUTH) a Sakkwato ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Dubawa ai ba yanka ba ce.

Ɗan Jega:
Na gode ƙwarai. Baba, na ji maganarka. Abin da ke tsaya mini a rai wata ukun nan ne, babur a jingine, ga iyali.

Nas daga Gusau:
Kuma ƙafar birki ce. Ba hawa sai hoto ya nuna ƙashi ya kama. Abin ba na gaggawa ba ne, ka fara yin CT ɗin, ka nemi amintaccen yaro da zai riƙa kawo maka balas.