Baƙin farce da ciwon ƙwauri: laifin takalmi ne?

Tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Sabon mai gudu, kilomita 5 sau uku a mako, me ke sa farcensa yin baƙi, ƙwauri kuma ya dame shi da ciwo?

Amsa ta 1:
Wa alaikumus salam. Farcen kam takalmi ne ya matse. Ƙafa na kumbura yayin gudu, yatsa ya yi ta dukan gaban takalmin har jini ya kwanta ƙarƙashin farce. A gwada takalmi da yamma, a tsaye, sanye da safar gudu. A bar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsa mafi tsawo da bakin takalmin. A yanke farce, a zura igiya har ramin ƙarshe na sama, kada ƙafa ta riƙa zamewa gaba a gangara.

Amsa ta 2:
Ƙwaurin kuwa, malam, yawanci gaggawar ƙara nisan gudu ce ke jawo shi, domin ƙashi da jijiya ba sa saurin sabawa kamar numfashi. Ƙarin nisan mako kada ya wuce kashi 10 cikin 100. In ciwon ya tsaya wuri guda, ana jin sa ko a tafiya, don Allah a dakata a ga likita, ƙashi na iya tsagewa.

Amsa ta 3:
A duba tsufan takalmin ma. Soson ƙasansa kan mutu tsakanin kilomita 500 zuwa 800, ko da samansa na nan garau.